Baffa Bai Amince da Benen Mota Ba

Ranar Talata, sha biyar ga watan Afrilu na shekarar 2025, daidai da sha bakwai ga watan Ƙaramar Salla, Allah Ya karɓi ran Baffana, Injiniya Saleh Katagum, a asibiti a nan Azare, jim kaɗan bayan la'asar. Kwana biyu kawai ya yi a kwance. An sallace shi kafin magariba. Ya bar matarsa Inna Fadimatu, da 'ya'ya maza uku, da yayarsa Goggo Baturiya, da ni Zinatu, 'yar ƙanensa da ya riƙa. Allah ne Ya ba mu shi, Shi ne kuma Ya karɓi abinSa.

Baffa, yau kwananka ashirin da uku. Ka san magana tana yi mini nauyi, don haka na ɗauki biro.

Ina da shekara bakwai ka ɗauko ni daga Katagum, bayan rasuwar mahaifina. Tun da muka shiga mota ban ce uffan ba, kai ma ba ka matsa mini ba. Da muka tsaya a wani ƙauye masu talla suka kewaye mu, sai ka juyo ka ce in gyaɗa nake so in ɗaga yatsa ɗaya, in dabino ne in ɗaga biyu. Na ɗaga uku. Ka yi dariya har ka kifa kai a sitiyari, ka ce, "Ashe dai kina magana." Ka sayo duka biyun. Tun daga ranar ba ka taɓa tambayata dalilin shiruna ba. In baƙi suka ce yarinyar nan ba ta da baki ne, kai ne mai amsa musu cewa a gidan nan masu baki sun yi yawa, mai kunne ake nema.

Aikinka shi ne duba injinan da ke ɗaga kaya ko mutane kafin a bar jama'a su yi amfani da su. In ka gamsu ka sa hannu, in ba ka gamsu ba ka faɗi abin da za a gyara. Amma ba a ofis kaɗai kake wannan aiki ba. Idonka ba ya hutawa. Na tuna ranar da muka wuce ta wurin injin markaɗen unguwarmu, ka ga gefen mayafin wata mata yana kaɗawa dab da bel ɗin inji. Ka tsaya cak. Da yamma ka je wurin mai walda aka haɗa maka raga, ka zo da kanka ka ɗaura a kan bel ɗin. Mai injin yana ta ƙorafi wai ragar za ta riƙa ba shi wahala in bel ya tsinke. Ka ce masa, "Kai dai markaɗa wake, kada ka markaɗa mini maƙwabciya." Kafin azumin shekarar babu injin da ya rage a unguwar ba raga, kuma ba ka karɓi komai a hannun kowa ba.

Haka in muka je Katagum gaishe da dangi. Da farar riga kake tafiya, da baƙin mai kake dawowa, don masu noman rani na bakin kogi suna jin ka iso sai su yi ta jawo injinan ban-ruwansu zuwa ƙofar gida. Inna ta yi faɗa har ta gaji. Kai kuma sai ka miƙa mata ƙullin busasshen kifin da suka ba ka, ka ce ga kuɗin sabulu.

Akwai maganar da ake yaɗawa a kanka tun da ka rasu, kuma ita ce ta hana ni barci. Dole in faɗi yadda abin yake.

Wani attajiri, Alhaji Maigida, ya gina jerin shaguna mai hawa biyu kusa da kasuwa. Filin gaban ginin ƙarami ne, ba ya ɗaukar motoci da yawa. Sai ya sayo wata na'ura daga wani kamfani na ƙasar waje. Faffaɗan faranti ne na ƙarfe. Mota za ta hau, a danna maɓalli ya ɗaga ta sama, wata motar ta shiga ƙarƙashi. Guda shida aka kafa a jere. Mutanen gari suka sa musu suna benen mota. Ba za a buɗe su ga jama'a ba sai ofishinku ya amince, kuma kai aka ba aikin dubawa.

Wasu suna cewa ka ja lokaci ne don ba ka son kayan waje. Wannan ba gaskiya ba ne. Bara wasu masu ƙere-ƙere na gida sun zo zaurenmu suna roƙon ka goyi bayan a hana kamfanonin waje kawo irin waɗannan injina, ka ƙi. Har ma wani injin ɗaga mota da aka haɗa a nan garin ka ƙi sa masa hannu, mai shi ya daina gaishe ka. Abin da kake cewa kullum shi ne, "Ni ba na tambayar ƙarfe garinsu. Abin da zai iya ɗauka nake tambayarsa."

Wakilin kamfanin ya zo daga Kano da takardu masu hatimi kala-kala, na shaidar cewa an gwada na'urar a ƙasar da aka ƙera ta. Ya ce wannan ya isa. Ranar ka dawo gida kana cin tuwo kana ba Inna labari, ni ina gefe ina tsince shinkafa.

Ka ce, "Takardunsu na gaskiya ne, ban ce jabu ba ne. Amma da motocinsu aka gwada, da mutanensu. A can mutum zai fito ya kulle motarsa ya tafi, ba komai a ciki sai laima. Fadimatu, kin taɓa ganin motar ɗan kasuwar Azare ba kaya?"

Inna ta ce, "Ko taka ban taɓa gani ba. Rabin ƙarafan garin nan suna bayanta."

Ka ce, "To kin gani. Buhu huɗu a but, biyu a kujerar baya, ga tsohuwa an bar ta a gaba an ce ta jira. Sannan ga babbar matsalar. Da zarar an ɗaga mota sama, me aka samu a ƙasa?"

Inna ta ce, "Wurin wata motar."

Ka ce, "A'a. Inuwa. Su waɗanda suka zana abin nan ba su san zafin watan huɗu a Azare ba. Bai zo musu a rai ba cewa mutum mai hankali zai shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin mota. Mu kuwa tun muna yara a ƙarƙashin tirela muke ganin direbobi suna ƙailula."

Ka dage sai an yi gwaji irin naka. Ka roƙi wani mutumin garin Yana ya ba ku aron motarsa cike da buhunan riɗi. Aka ɗora ta a kan na'ura ta huɗu, aka ɗaga, ka sa aka kashe janareta, ka ja layi da alli a jikin ginshiƙi, kuka tafi sallar azahar. Da kuka dawo farantin ya sauko taki guda daga layin, don sakatar da ya kamata ta riƙe shi ba ta shiga ba. Kuma ka tarar da mutum uku zaune a ƙarƙashi, ɗaya yana yanka kankana. Da kake ba mu wannan labarin ba ka yi dariya ba, tuwon ma ka ture.

Ciwon suga ya riga ya taɓa maka ido. Rubutunka ya koma manya-manyan baƙaƙe masu hawa kan juna, mai buga takardu a ofis ba ya iya karantawa. Shi ya sa tun da na gama firamare nake kwafe maka. Ranar Asabar, kwana uku kafin rasuwarka, ka zaunar da ni da hantsi. Na ciro fallaye daga tsakiyar littafina na kwafe rahotonka, shafi biyar, da Turanci. Turancin ya fi ƙarfina, amma duk layin da na gama sai ka fassara mini da Hausa, ka ce bai kamata hannu ya rubuta abin da kai bai sani ba. Ka sa hannu a shafi na biyar. Ka yayyaga naka, kamar yadda ka saba, don kada takarda biyu su yi yawo. Ka ajiye nawa a kan teburinka, ka ce Litinin za ka kai a buga. Ranar Lahadi ka faɗi a tsakar gida.

Baffa, ga inda laifina yake.

Washegarin jana'iza mata suka iso daga Katagum, gida ya cika, aka ce a gyara ɗakinka su sami wurin kwana. Goggo Baturiya ce ta zauna rarraba takardunka. Ba ta yi boko ba, amma ta yi iya hankalinta. Duk mai rubutun Larabci ta sa a akwati saboda sunan Allah. Duk mai hatimi ko hoto ta ɗaure wuri ɗaya ta ba Inna. Tsofaffin jaridu ta zuba a buhu. Sai ta ɗauko shafuka biyar ɗin nan, ta ɗaga su ta duba.

Ta ce, "Wannan ai hannun Zinatu ne. Aikin makaranta ne. Ta gama, me za a yi da shi?"

Ta jefa a buhun jaridu.

Ina tsaye a bakin ƙofa. Na gani da idona. Ɗakin cike yake da manyan mata, wasu ban taɓa ganinsu ba, wasu suna kuka. Na ce a raina bari su fita in ciro. Aka aike ni ɗebo ruwa, aka aike ni wanke kwanuka. Da na dawo babu buhu. An ba Iya Meram mai ƙosai, wadda ta kawo ƙosan sadaka da safe, don ta riƙa naɗe wa masu saye.

Ranar sadakar bakwai Alhaji Maigida ya zo gaisuwa tare da wakilin kamfanin. Na kawo ruwa bayan ƙofar zaure ina jiran a karɓa, sai na ji wakilin yana cewa, "Allah Ya jiƙan Injiniya. Mutumin kirki. Ai ya riga ya amince da aikinmu, sa hannu kawai ya rage ajali ya zo." Abokin aikinka Malam Babayo, wanda yake garin Dambam ranar gwajin, ya ce shi dai bai ga komai a rubuce ba. Sauran mutane suka ce Allahu Akbar. Ban san abin da ke zuciyar wakilin ba, Allah ne Ya sani. Amma na san abin da na kwafe. Kuma a karo na biyu na yi shiru, na miƙa ruwa na koma ciki.

Na yi kwanaki abinci ba ya wuce mini. Kowa ya ɗauka kewarka ce, kuma akwai kewar. Sai ran nan motar shela ta wuce ta layinmu tana sanar da ranar bikin buɗe benen mota. Da gari ya waye na tafi wurin Iya Meram. Na tsaya a gefe har masu saye suka watse.

Ta ce, "Ke 'yar gidan Injiniya, tun ɗazu kin kafe kamar an dasa ki. Ƙosai ne ko saƙo?"

Na ce, "Iya, takardun nan."

Da ƙyar na yi mata bayani. Ta sauke kasko, ta zazzage buhun a ƙasa, muka durƙusa muna tonawa. Muka sami shafi na biyu da na uku, da rabin na huɗu wanda mai ya jiƙa. Na ɗaya babu. Na biyar, mai sa hannunka, babu.

Iya Meram ta dafe kai ta ce, "Wayyo ni Meram! Da sa hannun Injiniya na naɗe wa wani ƙato ƙosai?"

Na kai wa Inna. Tana takaba, ba ta da halin fita. Ta daɗe tana kallon takardun, sannan ta aika a kira Goggo. Da Goggo ta ji, sai ta yo kaina.

"Kina tsaye kamar turmi kina kallona ina zubar da amanar ɗan'uwana? Bakin naki ɗinke shi aka yi?"

Sai ta zauna a bakin gado ta fashe da kuka, tana kiran sunanka na yara. Da ta share ido ta jawo mayafi ta ce, "Tashi. Ni na zubar, ni zan kwashe."

Muka hau Keke Napep zuwa ofishinku. Malam Babayo ya shigar da mu wurin shugabansu. Ya karɓi takardun da yatsa biyu, ya juya su, ya ce, "Hajiya, wannan ai ba takardar ofis ba ce. Rubutun yara ne, ba sa hannu, ga warin mai."

Goggo ta ce, "Ni ba Hajiya ba ce, ban je ba tukuna. Kuma ba takarda na kawo maka ba, yarinya na kawo. Ka saurare ta."

Ban taɓa magana a gaban maza baƙi ba. Na kafa ido a kan siminti na faɗi duk abin da ka fassara mini, daga farko har ƙarshe. Sau biyu shugaban yana cewa in ɗaga murya. Da na gama Malam Babayo ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan bakin Injiniya ne. Yarinya ba za ta ƙago maganar sakata ba." Shugaban ya yi ajiyar zuciya. Ya ce kamfanin yana ƙorafin cewa ƙin karɓar shaidar ƙasarsu dabara ce ta toshe wa baƙi kasuwa, har suna cewa za su kai kuka sama. Ya ce an riga an raba katin gayyata. Ya ce zai duba. Malam Babayo ya rako mu har bakin titi, ya yi alkawarin zai rubuta ya nemi a sake gwaji. Yau kwana shida ke nan ba mu ji komai ba. Jibi Asabar ne bikin.

Tun da shafin da ka sa wa hannu ya salwanta ta dalilina, zan sa nawa sunan a ƙarƙashin maganarka, duk wanda ya karanta ya zama shaida. Baffa bai amince da benen mota ba. Ya ce a gyara sakatar na'ura ta huɗu, a kwance sauran biyar a duba tasu. Ya ce a gwada kowace da mota mai kaya, a kashe wuta, a bar ta wuni guda. Ya ce a kewaye ƙarƙashin da raga mai ƙofa, kada kowa ya shiga muddin akwai mota a sama. A kafa allo da Hausar boko da ajami, har da zane saboda wanda bai iya karatu ba, cewa ba a ɗaga mota da mutum a ciki. Kuma kamfanin ya koya wa makanikai biyu na garin nan gyaranta, ya bar kayan gyara a nan, don ma'aikacinsu da ya zo kafa ta kwana uku ya yi ya koma, abin da ya bari lambar waya ce ta wata ƙasa. A layin ƙarshe, sama da sa hannunsa, ya ce in an yi waɗannan zai amince da farin ciki, har ya gaya wa wasu garuruwa su saya a wurinsu.

Alhaji Maigida, kai babba ne, ni ban kai in yi maka magana ba. Ka zo gidanmu ka yi wa Baffa addu'a, mun gode. Ina roƙonka ka ɗaga bikin nan.

Jiya da azahar na bi ta wurin. An ɗora motoci biyu a sama don talla, an ɗaura musu ƙyallaye masu ƙyalli. Ɗaya tana kan na'ura ta huɗu. Na ƙirga mutum tara a ƙarƙashi, har da wata mata da ta kwance goyo ta shimfiɗa jaririnta a kan zani. Na wuce, na dawo, na sake wucewa. A na uku na tsaya a gaban wani dattijo mai sayar da hula.

Na ce, "Baba, don Allah ku matsa daga nan."

Ya ce, "Lafiya, 'yata?"

Na ce, "Wanda ya duba ƙarfen nan ya ce zai iya saukowa."

Ya ɗaga kai ya kalli farantin ƙarfen da ke bisa kansa, ya daɗe yana kallo. Sannan ya tattara hulunansa ya naɗe tabarma ya koma cikin rana. Sauran ba su motsa ba. Mai jaririn ta ce mini, "Yarinya, ina za mu? Ba ki jin zafin nan?"

Baffa, ka yafe mini shirun da na yi a bakin ƙofar ɗakinka. Da na yi magana ranar, da yanzu rahotonka yana kan teburin shugaba da hatimi, da matar nan ba ta sami hanyar shiga wurin ba. Gobe Juma'a Goggo ta ce za mu koma ofis tun da sassafe, in ba a saurare mu ba mu wuce gidan Alhaji. Ina jin tsoro, amma zan je.

Ya Allah, ga bawanKa Saleh ya zo gare Ka. Ka gafarta masa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haskaka masa shi. Duk hannun da bai guntule ba da duk ran da bai salwanta ba saboda tsayawarsa a kan aikinsa, Ka sa masa a mizani. Ka haɗa shi da iyayensa da ƙanensa mahaifina a Aljanna Firdausi.

Ina miƙa ta'aziyya ga Inna Fadimatu, Allah Ya ba ki haƙuri Ya fitar da ke takaba lafiya. Ga Goggo Baturiya, wadda ta goye shi yana jariri kuma ta ga fitar gawarsa. Ga yayyena Bahauddeen da Fahad da Abdulhakeem, da dangi na Katagum da na Azare, da abokan aikinsa. Allah Ya ba mu juriyar wannan rashi, Ya kyautata namu ƙarshen.

Waɗanda kuma ke zaune a ƙarƙashin ƙarfen nan yanzu haka, ya Allah Ka riƙe shi a kansu har a zo a gyara. Amin.

Zinatu Adamu Katagum
Azare, Alhamis, 8 ga Mayu, 2025